Sifirin Oktoba Da Sifirin Maris

Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Nijar, yawancinsu a ƙauyukan jihar Maraɗi. A wurinmu makarantar boko lakwal ake ce mata, malaminta kuwa mushe. In mai karatu ya tambayi tsofaffin ɗalibaina abin da suka fi tunawa da ni, na san ba za su ce fara'a ba. Za su ce jan bik, wato jan biro, wanda ba ya rabuwa da aljihun rigata. Da shi nake yanke wa yara hukunci, kuma na daɗe ina tsammani hukuncin nan shi ne rabin aikin malami. Abin da nake so in ba da labarinsa a nan shi ne yadda na fara sakin biron nan, da yaron da ya sa na sake shi, ko da yake shi kansa bai ci amfanin abin ba.

Domin ƴan'uwanmu na Nijeriya da Gana, waɗanda tsarinsu ya bambanta da namu, bari in ɗan bayyana. Firamare a wurinmu aji shida ne: CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. A zamanin da nake magana a kai, yaro yakan shiga CI ya tarar ana yi masa magana da Faransanci tun ranar farko, harshen da bai taɓa ji a gidansu ba. Darasin da aka fi jin tsoro shi ne dikte, wato shifta. Malami ya karanta, yara su rubuta, sa'an nan ya tattara littattafan rubutunsu, waɗanda muke ce wa kaye, ya tafi da su gida. Maki goma ne. Kowane babban kuskure yana cin maki biyu, saboda haka kuskure biyar sifiri ke nan. Haka muka gada daga Faransawa, haka aka yi mana, haka kuma muka yi wa na bayanmu. Yara kuwa suna kiran sifiri ƙwai.

A shekarar karatu ta 1993 zuwa 1994 ina riƙe da CM1 a wani ƙauye gabas da Maraɗi. Yara saba'in da huɗu ne a ajin, huɗu huɗu a kan teburin da aka yi domin mutum biyu. Albashi ba ya zuwa kan kari, wani lokaci sai a tara mana watanni. Ranar da aka yi dikte, in na ci tuwon dare, sai in kunna fitilar kananzir in zauna da tarin kaye. Ina ja wa kowane kuskure layi a ƙarƙashi, gama hannuna ya saba, amma da zarar na ja na biyar sai in daina ƙirga. Me zan ƙirga? Ko biyar ne ko hamsin, ƙwai ɗaya zan zana. Washegari in raba kaye, in karanta makin kowa da ƙarfi, masu ƙwai su fito gaban aji. Ba zan ɓoye ba, akwai bulala a bayan ƙofa.

Cikin masu fitowa kullum akwai wani yaro mai shiru-shiru, ɗan wani mai sayar da gishiri da kanwa a kasuwar mako. Daga wata tunga yake zuwa da ƙafa, tafiyar kusan awa ɗaya. Bai cika fashi ba, ba ya faɗa, ba ya surutu. A lissafi yana tsaka-tsaki. A dikte kuwa, tun daga Oktoba har Maris, bai taɓa samun ko maki ɗaya ba.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗinmu na sefa. Faran ɗaya na Faransa, wanda ake saye sefa 50, ya koma 100. Duk abin da ake kawowa daga waje ya tashi, har da kaye da bik. Iyaye suka fara lissafin abin da lakwal ke ci musu. Ran nan cikin Maris, zafi ya fara, an tashi yara da tsakar rana, sai ga uban yaron nan a bakin aji. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi kasuwa. Sai ya ce, "Mushe, ni ban yi lakwal ba, amma na san ƙwai in na gan shi. Wata shida ke nan yaron nan ƙwai yake kawo mini. Ko kaza ce ai ta isa ta ƙyanƙyashe." Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce yana da ƙane tela a Maraɗi wanda ke neman yaro. "Ku faɗa mini tsakaninku da Allah. In akwai alamar ci gaba, in bar shi. In babu, kada mu ɓata masa lokaci."

Na buɗe littafin maki, na bi layin yaron da yatsa, ƙwai bayan ƙwai. Na ce, "Baba, gaskiya kansa ba ya ɗaukar Faransanci." Ya yi godiya, ya ce dama ya san ba zan cuce shi ba. Kafin mako ya zagayo yaron ya tafi.

Bayan kamar mako biyu ina yage fararen takardun da suka rage a kayen yaran da suka bar makaranta, domin in ba waɗanda iyayensu ba su iya sayen sabo ba. Da na zo kan nasa, sai idona ya faɗa a kan dikten farko, na Oktoba. Shafin ja wur. Na juya zuwa na ƙarshe, sai na ga jan bai kai haka ba. Na zauna na ƙirga. A Oktoba kuskure 31. A Disamba 22. A Fabrairu 13. Dikten da ya yi kwana uku kafin ubansa ya zo, kuskure 7. Na sake ƙirgawa, haka ne. Ashe cikin ajin nan duka da wuya in akwai wanda ya yi tafiyar da yaron nan ya yi. Kuskure uku suka rage masa ya fita daga sifiri. Ni kuwa na dubi tsabar idon ubansa na ce kansa ba ya ɗauka.

Ranar kasuwa na nemi uban a rumfarsa, na nuna masa kayen, na yi ta bayani. Ya saurare ni da haƙuri. Ya ce, "Ai ku kuka faɗa, Mushe. An riga an damƙa shi ga baffansa, ba zan tashi magana ba." Ya auna mini gishiri kyauta.

Na yi kwanaki ina juya abin a raina. Da farko laifina kaɗai nake gani, cewa ban ƙirga ba. Daga baya na gane akwai wanda ya fi wannan. Shi ma yaron bai sani ba. Da ya san daga 31 ya sauko 7, da ko ban ce kome ba zai iya buɗe baki ya gaya wa ubansa. Wata shida yana haƙa rijiya, ya kusa ruwa, amma kullum daga sama ana ce masa bai fara ba. Na gwada sauran ajin. Na ce duk wanda ya sami ƙwai a dikten jiya ya gaya mini kuskurensa nawa, ba tare da ya buɗe kaye ba. Ko ɗaya bai sani ba. Na tambayi masu maki shida da takwas a ina suka rasa sauran, su ma shiru. Sai na sa ido ranar raba kaye. Yaro ya buɗe, ya dubi lambar da ke sama, ya leƙa ta maƙwabcinsa, ya rufe. Layukan da na kwana ina ja a gaban fitila, ba wanda yake kallo.

Abin mamaki shi ne, yaran nan a waje ba haka suke ba. Da asuba da yawansu suna makarantar allo. Almajiri ba ya zuwa gaban malam ya biya sai ya kife allonsa ya gwada kansa tukuna, ya san inda yake tuntuɓe, kuma ba ya wanke allo sai karatun ya zauna. Yarinya mai daka takan sa yatsa cikin turmi ta murza garin, ba ta jiran uwarta ta ba ta maki. Yaron da ya bi ubansa gona ya san kunyar da ta miƙe da wadda ta karkace. Duk waɗannan sun ga aikin da ya yi kyau da idonsu, sun san kamanninsa, suna auna nasu da shi. A lakwal kaɗai ne yaro yake yin aiki ya miƙa shi kamar wanda ya jefa guga cikin duhu. Ma'aunin yana cikin kan mushe, kuma da harshen da yaro bai iya ba.

Gwajina na fari ya watse. Bayan dikte na rubuta daidai ɗin a babban allo, na ce kowa ya duba nasa ya ba kansa maki. A ranar ajina ya cika da masana. Masu ƙwai suka tashi da takwas da goma. Wasu sun gyara da bik ɗinsu, wasu sun ɗauke ido kawai. Na yi fushi, na yi musu wa'azi a kan gaskiya da amana. Da daddare hankalina ya dawo. Makin nan zai shiga littafin maki, daga littafin zai kai ga uba, bulala kuwa tana bayan ƙofa. A cikin wannan hali yaron da ya tona kuskurensa da kansa wawa ne. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, amma ni na ƙara wa tudun tsawo, gama na sa farashi a kan ganinsa.

Saboda haka na raba dikte gida biyu. Akwai na jarrabawa, wanda nake gyarawa da hannuna in sa a littafin maki, tun da hukuma tana bukatarsa. Akwai kuma na kowane mako, wanda na yi musu alkawari ba maki a ciki, ba fitowa gaban aji, ba duka. Sun ɗauki makonni kafin su yarda da ni, kuma ban ga laifinsu ba. In an gama rubutu, kowa ya sa bik ƙarƙashin tebur ya ɗauki fensir. In buɗe rubutun da ke allo, su bi kalma kalma. Sa'an nan in ɗauki kaye goma, ba wanda ya san nasa ne ko ba nasa ba, in duba. Abin da nake nema a ciki dabam ne yanzu: cikin kurakuran da ke shafin, nawa mai shi ya gano? Wanda ya yi goma sha biyar ya gano goma sha biyar, shi nake yaba wa a gaban kowa. Ranar da na fara yabon wani ƙaton mai ƙwai a kan haka, ajin ya yi tsit, suna jira su ga ko ba'a nake yi.

A shafin ƙarshe na kaye kowa ya ja layi biyu, ya riƙa rubuta kwanan wata da yawan kuskurensa. Wannan shafi shi ne abin da yaron mai gishiri bai samu ba. Da na bi ajin zuwa CM2 muka ƙara wani abu, wato rarraba kurakuran iri-iri. Faransanci yana da haruffan da ake rubutawa ba a faɗarsu, kuma nan ne ɗan Bahaushe yake faɗuwa, gama kunnensa bai yi masa ƙarya ba, harafin ne ba ya magana. Yaran da kansu suka raɗa wa kurakuran suna. Harafin s na jam'i, wanda ba a ji, suka ce masa ɓarawo. Ƙarshen aikatau, irin ent ɗin nan, wutsiya. Alamomin da ake ɗora wa wasula, hula. Kalmomin da sautinsu ɗaya rubutunsu dabam, irin a da à, tagwaye. Sai ka ji yaro yana cewa yau ɓarawo uku, wutsiya biyu, hula ɗaya.

Wata yarinya, wadda uwarta ke tuyar ƙosai a bakin makaranta, ta zauna tana kallon shafinta har aka fita hutu. Sai ta zo ta ce, "Mushe, ashe kuskurena ɗaya ne, shi ne yake ta dawowa." Cikin goma sha biyu, takwas ɓarawo ne. Shekara biyar ana ce mata ba ta iya dikte ba, kuma wannan magana ba ta da bakin kamawa. Amma ɓarawo ɗaya ana iya yi masa kwanto. Ta koma in ta gama rubutu sai ta sake bin shafin tana neman duk inda aka ce les ko des, ta duba wutsiyar kalmar da ke biye. Ban koya mata wannan dabara ba. Ni na koya daga wurinta na ba sauran.

Na kuma gwada musayar kaye, kowa ya duba na maƙwabcinsa, amma ban daɗe ba na bari. Wani babban yaro ba wanda ya isa ya ga kuskurensa. An fara biyan ƙuli-ƙuli. Yarinya ta gyara wa namiji, ya zama abin gori har bakin rijiya. Abin da na bari kawai shi ne, bayan mutum ya duba nasa, ya zaɓi aboki ɗaya ya sake duba masa, kuma abokin ba ya rubuta kome, sai dai ya nuna da yatsa.

A lissafi hanyar ta bambanta. Duk wanda ya shiga ajinmu ya san tambayar nan da muke yi, "Kun gane?" Ya kuma san amsar, baki saba'in a tare, "I, Mushe!" Ba amsar da ta kai wannan ƙarya, kuma mu muke roƙonta. Muna da wata tsohuwar dabara ta lissafin ka da ake kira La Martinière, sunan wata makaranta a birnin Liyon: malami ya faɗi tambaya, ya buga tebur, kowa ya rubuta amsa a ɗan allonsa, ya sake bugawa, a ɗaga alluna sama. Abin da na ƙara ƙanƙane ne. Na ce kafin ka ɗaga, zana cikakken wata a kusurwar allo in ka tabbata, in kuwa kana shakka zana jinjirin wata. Sai aji ya rabu mini a gaban ido. Mai kuskure da jinjirin wata ba ya ba ni tsoro, ya san bai sani ba. Mai kuskure da cikakken wata shi ne abin bi, gama ya fahimci wani abu a karkace kuma ya riƙe shi gam. Akwai kuma masu amsa daidai da jinjirin wata kullum, kuma a ajina yawancinsu ƴan mata ne. Su aikina a kansu shi ne in sa su ƙirga sau nawa suka yi shakka alhali suna da gaskiya.

Inda na fi shan wuya shi ne insha'i, gama nan babu daidai ɗaya da za a rubuta a allo. Na kwafi rubutu biyu na ɗaliban wata shekara da ta wuce, ba suna, duka a kan ranar kasuwa. Na ce wanne ya fi, kuma don me? Da Faransanci ba wanda ya iya cewa kome sai "yana da kyau". Ga shi kuwa a makarantar akwai sambol, wani ƙashi da ake rataya wa duk yaron da aka kama yana Hausa. Na rufe ƙofa na ce a yi Hausa. Nan take bakuna suka buɗe. Wani ya ce na farko ya lissafa kaya ne kawai kamar mai talla, na biyu kuwa ka ji ƙaurin tsire a ciki. Wata ta ce na farko ya fara da yamma ya koma safe. Daga maganarsu muka fitar da tambayoyi huɗu, muka mai da su Faransanci, muka manna a bango, kowa ya riƙa yi wa rubutunsa su kafin ya miƙo. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, muna jin labarinta, amma mu na sauran makarantu doka ba ta ba mu wannan dama ba a lokacin.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai duba makarantu ya zo ba sanarwa, ya tarar yara da fensir suna gyaran kayensu, wasu suna gardama da Hausa a kan wutsiya. Ya ja ni gefe ya ce, "Wane ne malami a ajin nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ku tambayi wanda kuka ga dama cikinsu inda yake da rauni." Ya nuna wani yaro a baya. Yaron ya miƙe yana rawar jiki, ya buɗe shafin ƙarshe, ya ce a Oktoba yana yin goma sha takwas, yanzu shida, kuma yawanci tagwaye ne. Mutumin ya karɓi kayen ya daɗe yana dubawa. A rahotonsa ya tsawata mini a kan Hausa. Sauran bai yaba ba, bai kuma hana ba.

Sai bayan shekaru, a tarurrukan ƙara wa malamai sani, na ji cewa wasu sun riga ni, wasu kuma sun auna abin da awo. Célestin Freinet, malamin ƙauye a kudancin Faransa, ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da rauni a huhu, ba ya iya doguwar magana a aji. Cikin dabarun da shi da abokan aikinsa suka yi akwai katunan aiki masu amsa a wani kati dabam, yaro ya yi, ya duba da kansa. A 1988 wata mai bincike, Ruth Butler, ta raba yara ƴan ƙarshen firamare a Isra'ila kashi uku: wasu aka mayar musu da aikinsu da maki kaɗai, wasu da sharhi kaɗai, wasu da maki da sharhi tare. Masu sharhi kaɗai ne suka ci gaba. Waɗanda aka haɗa musu biyun ba su fi masu maki kaɗai ba, wato lamba tana haɗiye sharhi. Da na ji wannan sai na tuna layukana na gaban fitila. A 1994, shekarar da nake yage takardu a ƙauye, Fontana da Fernandes suka buga binciken malamai 25 a Fotugal waɗanda aka koya wa sa yara su auna kansu a lissafi har mako ashirin, ci gaban yaransu ya kai kusan ninki biyu na waɗanda aka gwada su da su. A 1998 kuma Paul Black da Dylan Wiliam na Landan suka tattara bincike wajen 250 a kan awon da ake yi cikin aji, suka nuna yana ɗaga karatu, musamman na yaran da ke baya.

Na ji daɗin wannan, amma ina ƙin yadda wasu masu jawabi suke kawo shi kamar maganin a-sha-yanzu. Yaro ba ya iya ganin kuskuren da bai san kuskure ba ne. A ajina akwai kamar goma waɗanda suka kai CM1 ba su iya haɗa baƙi ba. In ka ce su gwada kayensu da allo, zane biyu suke gani. Fensir bai yi musu kome ba, sai da na riƙa zama da su gindin bedi bayan an tashi muna ba, be, bi. Irinsu kuwa ba kaɗan ba ne. Awon PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin yara goma masu gama firamare, waɗanda suka kai matakin da ake bukata a karatu ba su cika ɗaya ba. Na kuma ga matasan malamai da suka ji rabin maganar, suka miƙa wa yara jan biro suka fita shan shayi. Ni dai aikina bai ragu ba. Na daina kwana a kan kaye saba'in, amma kaye goman da nake ɗauka ina karanta su da gaske, abin da ban taɓa yi wa saba'in ɗin ba.

Iyaye ma ba su daina tambayar "na nawa ya zo?" ba, kuma suna da hujja, gama da wannan lamba ake shiga kwaleji. Abin da na sauya shi ne, in uba ya zo tambaya, ba na buɗe littafin maki sai na kira yaron tukuna. In ce ya buɗe shafin ƙarshe ya yi wa ubansa bayani da bakinsa. Wani manomi ya saurari ɗansa har ƙarshe, sa'an nan ya juyo ya ce mini, "To, Mushe, wannan na gane. Bara dami ashirin, bana talatin, ko da rumbu bai cika ba." Ya bar yaron. Wani kuma ya saurara, ya ce madalla, ya cire ƴarsa duk da haka, gama an riga an karɓi kayan gaisuwa.

Ɗan mai gishiri na sake ganinsa bayan na bar aiki. Na kai yadi wani shagon ɗinki a Maraɗi gab da salla, sai mai shagon ya bar kekensa ya durƙusa ya ce, "Mushe, ba ku gane ni ba?" Yana da kekuna huɗu da yara masu koyo, ya yi aure, ƴaƴansa biyu suna lakwal. Muna cikin gaisuwa wani yaronsa ya kawo masa hannun riga. Bai karɓa ba. Ya ce, "Ka duba da kanka tukuna?" Yaron ya juya ɗinkin, ya koma wurinsa ya fara farkewa.

Na gaya masa labarin kayensa, da 31, da 7. Na ce na yi wa ubansa shaidar da ba daidai ba, ina neman gafara. Ya yi shiru, ya ce shi bai taɓa sani ba, yana tsammani har ya tafi bai iya kome ba. Ya ce ba kome, rabonsa yana cikin allura. Sa'an nan ya ɗauko zaren awo ya auna ni, ya buɗe wani tsohon kaye inda yake rubuta awon mutane da irin ɗinkin da suke so, da Faransanci. Ya rubuta nawa, layi biyar. Ina tsaye a kansa, idona ya bi rubutun ba da nufina ba. Kuskure uku: ɓarawo biyu, hula ɗaya. Da a ajina ne, maki huɗu ke nan bisa goma. Ya ce in dawo ran Alhamis, kuma ya ƙi karɓar kuɗin ɗinki.